Gareji A Buɗe: "Oga, motar dirif ɗina ta ƙi shan kwana a filin tsere"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga, ya aiki ya fama da ƙarafa. Ni ɗalibi ne a Ingila, wajen Lesta nake zaune, shekara biyu kenan ina wasan dirif, wato sa bayan mota ya riƙa zamewa a kwana da gangan, da wata tsohuwar BMW E36 328i ƙirar 1997. Bari in lissafo maka abinda ke jikinta: difaranshal an yi masa walda, gaba na sa lowa-am, wato ƙarfen ƙasa da ke riƙe taya, na E46, BMW ɗin da ta gaji E36, da nokul, wato ƙarfen da ke ɗauke da tayar gaba, wanda aka yanke aka gajarta don sitiyari ya ƙara karyewa, kamba, wato karkatar saman taya zuwa ciki, digiri -5 a gaba, baya kusan sifili, koilova, wato shokozoba da sifirin da ake iya saitawa, mai sifirin kilo 8 gaba 10 baya, sitabilaizar gaba na cire ta tuntuni saboda taya na gogarta, ga kuma birkin hannu na haidurolik. To wlh kuɗin taya ne ya isheni, shine nace bari in koma tirak-de, wato ranar da ake buɗe filin tsere kowa ya biya ya shiga da motarsa ya yi ta zagaye ba gasa. Na je sau ɗaya watan jiya na sha kunya. In na shigo kwana motar sai ta ƙi juyawa, hancinta ya yi ta tafiya miƙe, da na taɓa totur kuma sai baya ya fizge, a miƙaƙƙiyar hanya sitiyari rawa yake, zagaye na biyar birki ya zama kamar soso, ƙarshe dai baƙar tuta aka ɗaga min aka ce ba a dirif a nan. Na riga na biya kuɗin filin tseren Donington Park nan da wata biyu. Abokaina sun ce koilova zan canza in sayi mai tsada. Dan Allah me zan fara yi? Ƙaninka daga Lesta.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Ka gaida min abokan naka, ka ce musu na ce su bar maka kuɗinka. Koilova ita ce ta ƙarshe a layi, kuma ina kyautata zaton ma ba za ka taɓa ta ba sai dai juya ɗan maɓallin da ke kanta.

Motarka ba ta lalace ba fa, abinda ka koya mata shekara biyu shi take yi maka. Duk gyaran da ka lissafo an yi shi ne don abu biyu, baya ya saki kwalta cikin sauƙi, gaba kuma ya iya karyewa sosai lokacin da motar ke tafiya a kaikaice. Yanzu ka kai ta inda ake son tayoyi huɗun nan kowacce ta kwanta shimfiɗe ta riƙe kwalta, ai dole ku yi rigima. Saboda haka aikin da ke gabanka yawanci na cirewa ne da aunawa, saye ɗan kaɗan ne.

Waldar nan ita ce babbar mai laifi, duk da cewa ba ta cikin abinda mutane ke kira safenshan. In mota na shan kwana tayar waje tana cin hanya mafi tsawo fiye da ta ciki, aikin difaranshal kenan ya bar kowacce ta juya gwargwadon tafiyarta. Da ka yi walda ka ɗaure su wuri ɗaya, to su biyun sai su haɗa kai suna tura motar miƙe, kai kana juya sitiyari su suna cewa a'a, shine wannan ƙin juyawar da kake ji a bakin kwana. Kana taka totur kuma tayar ciki da ma ja take tana darzar ƙasa, sai duk su saki lokaci guda ba sallama. Duk alaimen ɗin da za ka yi in waldar na nan, gyaran gangar Auzinawa ne. Ka nemi LSD, irin wanda ke barin tayoyin su bambanta amma ba ya barin ta ciki ta yi ta juyawa a banza. Sa'arka ɗaya E36 ce, gidan difaranshal ɗinta mai milimita 188 ne, kuma BMW da kanta ta fitar da masu LSD mai kulle kashi 25 cikin ɗari a wannan girman, irin na M3 mai injin 3.0, a wajen masu sayar da kayan tsofaffin motoci ana samu, sai dai ka duba reshiyon giyar kafin ka biya. In aljihu bai kai ba, wallahi difaranshal na gama-gari da ba a taɓa ba ya fi waldar nan sau goma a tirak-de, illarsa kawai tayar ciki za ta ɗan yi kuka in kana fita daga matsattsiyar kwana.

Sai sitiyari, nan ne zan ɗan daɗe. Nokul ɗin da aka gajarta abu uku ya yi maka. Ya ƙara karyewar taya, motar kamfani ba ta wuce digiri talatin da wani abu zuwa arba'in, kayan dirif na gaske irin na Wisefab da ake ƙerawa a Estoniya kuwa suna haura sittin. A fili irin Donington ba za ka yi amfani da ko rabin na kamfanin ba, kaga wannan ribar ta tashi a banza. Na biyu ya sa sitiyarin ya zama mai saurin ji, ka motsa hannu kaɗan taya ta motsa da yawa, a gudun kilomita 60 kana wasa daɗi ne, amma ka gangaro Craner Curves, waɗannan kwanonin masu gangara da ake shiga da gudu sosai, da sitiyarin da ko atishawa ka yi sai ya canza layi, ba na yi maka fatan haka. Na uku shine wanda yawancin yara ba su sani ba, ya kashe abinda ake kira Akaman. Sunan wani Bajamushe ne, Rudolph Ackermann, da ya yi wa tsarin rajista a Ingila a 1818, tun zamanin keken doki, kuma asalin wanda ya ƙirƙiro shi wani maƙerin kekuna ne a Munik, Georg Lankensperger. Ma'anarsa dai tayar gaba ta ciki ta fi ta waje karyewa tunda da'irar da take bi ta fi ƙanƙanta. 'Yan dirif suna rage shi har ya kusa sifili don tayoyin biyu su tsaya a jere lokacin da aka juya sitiyari saɓanin kwana, kada ta baya-bayan ta riƙa ja. Kai kuma yanzu in ka zo matsattsiyar kwana a hankali, tayar ciki ba ta karye yadda ya kamata ba, sai ta ƙara wa waldar ƙarfi wajen tura hanci waje.

Don haka ka mayar da nokul na kamfani da tayarod na kamfani da lowa-am na E36. Na E46 ɗin ya fi tsawo da kusan santimita uku kowane gefe, shi ya tura ƙasan tayar waje ya ba ka wannan -5 ɗin. Kayan nan araha ne a Ingila, E36 an yi ta tun 1990 har zuwa 2000, gawarwakinta sun cika ko'ina. Kuma in ka mayar da su taya ta daina gogar sitabilaiza, sai ka mayar da ita ita ma, don mota mai sitabilaiza a baya babu a gaba ai an riga an rubuta mata juyawa. Wani abu da nake so ka duba da idonka, ka durƙusa ka kalli tayarod da lowa-am daga gaba motar na tsaye a ƙasa, ya kamata su tafi kusan a jere. In motar ta yi ƙasa da yawa za ka ga sun kalli sama ta wajen taya, to duk lokacin da ta hau wani ɗan tudu tayar da kanta take juyawa ba tare da ka taɓa sitiyari ba. Rawar da ka ce kana ji a miƙaƙƙiyar hanya rabinta daga nan ne. Ka ɗaga motar, ko da yatsa biyu ne. Na san za ta rage kyau a hoto.

Yanzu alaimen. Ga inda zan fara da a ce tawa ce, kuma mafari ne ba ayar da ba a taɓawa ba. Kamba gaba -2.5 zuwa -3, baya -1.5 zuwa -2. Dalilin da ya sa 'yan dirif ke barin baya a sifili shine motar na tsugunawa in an taka totur kuma suna son taya ta cinye daidai, kai kuwa jikin motar zai kwanta gefe a doguwar kwana, tayar waje ta baya in ba ta da kamba sai ta hau kafaɗarta ta waje. Shi kuma -5 na gaba ya yi yawa, in kana miƙe gefen ciki kawai ke taɓa ƙasa, ka rage wa kanka birki da hannunka. Kasta, wato yadda sandar da tayar gaba ke juyawa a kanta ta karkata baya, ka bar shi da yawansa, digiri shida zuwa bakwai ba laifi, shi ke dawo da sitiyari tsakiya kuma yana ƙara kamba in an juya, nan kam dirif da tsere bakinsu ɗaya. Sai to, ba "to" ta Hausa ba, wato ko tayoyin sun kalli juna ta gaba ko sun kalli waje. Gaba ka sa sifili, in ka saba daga baya ka ɗan buɗe waje milimita ɗaya. Baya kuwa dole to-in, wato su kalli juna ta gaba, kamar milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi kowane gefe, kuma gefen biyu su zama daidai. Kafin ka je wajen mai alaimen ka duba bushin ɗin tirelin-am na baya, wanda ke cikin wani aljihu gaban tayar baya da noti uku ke riƙe da shi, ciwon E36 kenan, in ya mutu tayar baya ita ke zaɓar inda za ta kalla duk sanda ka taka ko ka saki totur, kuma motar da ta sha bugun kuloci shekara biyu da wuya ka same shi da rai. Ka leƙa ƙarfen aljihun ma ko ya tsage ko tsatsa ta ci, da saman inda shokozoban baya ke ɗaure a cikin but.

Na taɓa kai mota wani wajen alaimen, ba zan faɗi suna ba, na ba yaron takarda da lambobina ya karɓa yace angama Oga, na tafi sallah na dawo ya miƙo min takarda duk ta yi kore shar, ashe lambobin kamfani da ke cikin kwamfuta ya mayar min, yana murna ya gyara min "karkatacciyar taya". Tun ranar nake tsayawa a kai. Kai ma ka tsaya, kuma in za su yarda ka zauna a kujerar direba lokacin da ake aunawa, ko a ɗora nauyi kimanin naka, tanki rabi.

To ga koilovar da abokanka suka ɗora wa laifi. Kilo 8 da 10 a E36 ba sharri ba ne ko kaɗan. Kada lambar baya ta ruɗe ka ka ce ta fi ta gaba tauri, a wannan motar sifirin na baya ba a bakin taya yake ba, yana can ciki a kan am, shokozoba kuma daban, saboda haka abinda ke isa taya daga kilo 10 ɗin bai ma kai rabi ba, na gaba kuwa kusan dukkansa ke isa. Abinda nake zargi shine ka ƙulle maɓallin taurin shok ɗin baya har ƙarshe kamar yadda masu ƙaramin inji ke yi don baya ya saki da wuri. Ka mayar da duka huɗun tsakiya, ka ƙirga ƙas-ƙas ɗin daga ƙarshen tauri ka rubuta a littafi. In baya na fita, sassauta baya biyu. In gaba na turawa, sassauta gaba biyu. Abu ɗaya a fita ɗaya, in ka canza uku lokaci guda ko ta gyaru ba ka san wanne ya gyara ta ba. In shok na yoyon mai kam wannan wata magana ce.

Taya: waɗancan na gwanjo da kake ƙonawa ka bar su a gida, ka sa huɗu iri ɗaya girma ɗaya, ka duba lamba huɗun da ke gefe, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara, wadda ta haura shekara biyar ko shida ta riga ta bushe ko da zanenta na nan. Iskar 40 ko 50 da kuke durawa a baya ma ta ƙare, ka fara da kamar 27 ko 28 a sanyi, ka yi zagaye biyar ka fito ka auna nan take, kana neman 32 zuwa 34 da zafinta. In ka samu aron ma'aunin zafin taya ka auna wuri uku, ciki da tsakiya da waje, ciki ya ɗan fi waje da digiri biyar zuwa goma shine daidai, in ya fi haka sosai kamba ta yi yawa, in tsakiya ya fi duka iska ta yi yawa. Taya ba ta ƙarya, ta fi ni sanin motarka.

Birkin da ya zama soso kuwa man ne ya tafasa. A dirif kusan ba ka wahalar da birkin ƙafa, a nan kuma kowace kwana sai ka taka da ƙarfi. Man birki yana shan danshi, DOT 4 sabo ƙa'idarsa kada ya tafasa ƙasa da digiri 230, wanda ya tsufa ya sha ruwa kuwa 155 ne, kaga tazarar. Ka zubar da shi gaba ɗaya ka sa na tsere irin su Motul RBF 600 da ke haura 300, ka sa fad masu jure zafi, kuma kowace fita ka yi zagayen ƙarshe a hankali don ya huce, in ka tsaya kada ka ja birkin hannu a kan faifai mai zafi. Tunda injin motarka M52 ne ka duba lagireto da famfon ruwa da gidan tamostat, robobin nan da zafi ke fasawa. Salansa ma, ana auna ƙara a filayen Ingila kafin a bar ka ka shiga, iyakar tana bambanta daga fili zuwa fili da rana zuwa rana, ka duba ta ranar da ka biya tun yanzu.

Saura direba. Hannunka ya saba da cilla mota da bugun kuloci, sai ka sake koyon taka birki a miƙe, ka saki a hankali kana juyawa, totur kuma kamar kana taka ƙwai. Ba abin kunya bane, Keiichi Tsuchiya da ake wa kirari da sarkin dirif shi ne dai ya zo na biyu a tseren awa 24 na Le Mans a 1999 cikin Toyota GT-One, bai je can yana ƙona taya ba. Yawancin masu shirya tirak-de suna da malamin tuƙi da zai zauna gefenka na minti ashirin da kuɗi kaɗan, wannan ya fi maka koilova.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki. Ni ina karatu a Maleshiya, ni da mijina muna da Nissan Silvia S14, shi dirif yake so ni kuma filin tseren Sepang nake son shiga. Mota ɗaya za ta iya yin duka biyun ko sai mun rabu da ɗaya? Motar nake nufi ba mijin ba. Ƙanwarka daga Salango.

AMSA: Ƙanwata kin ban dariya, Allah ya bar ku tare. Taura biyu ba ta taunuwa a baki ɗaya, amma ana iya tauna su ɗaya bayan ɗaya in an yarda da wahalar sifana. Sharaɗin shine maigida ya haƙura da manyan kayan karya sitiyari, ya tsaya a ɗan zoben da ake sakawa a rak ɗin sitiyari, wanda ke ƙara digiri kaɗan ba tare da ya taɓa Akaman ba. Difaranshal ku sa LSD mai 1.5-we, yana kullewa sosai in an taka totur, kaɗan in an saki, shi zai iya wasansa ke kuma motar za ta yarda ta shiga kwana, 2-we da 'yan dirif suka fi so yana kulle ta ko'ina, zai riƙa tura miki hanci. Sifirin kilo 8 gaba 6 baya da aka saba sa wa Silvia ya isa duka biyun. Sai ku sayi filet ɗin kamba na saman shok ɗin gaba, ku je alaimen sau ɗaya a auna muku saiti biyu, ku yi alama da fenti kala biyu, nasa da naki. Amma ki sani duk sanda aka motsa kamba to ma ya motsa, sai an bi tayarod an gyara, ku ƙirga juyi nawa ne tsakanin saitin biyu ku rubuta a jikin murfin injin. Wili kuma saiti biyu, kada ki yarda ya taɓa tayoyinki. In taku mai HICAS ce, wannan tsarin Nissan da ke ɗan juya tayoyin baya, ku kulle shi da rodin da ake sayarwa don haka. Sepang ya haura kilomita biyar da rabi, ga miƙaƙƙun hanyoyi biyu dogaye ga zafin ƙasar da kin fi ni sani, injin Silvia ɗin, SR20 mai turbo, ba zai yafe miki ba in babu kular baƙin mai da lagireto mai kyau, kuma ki leƙa kaskon baƙin man, in ya taɓa bugun ƙasa ya lotsa a canza shi, bakin bututun da ke zuƙar man dab da gindin kaskon yake.

TAMBAYA: Oga birkin hannu na haidurolik dole sai an cire shi kafin a shiga fili? Wani mai karatu daga Abuja.

AMSA: Ba dole bane in an haɗa shi da kyau, amma ka duba yadda aka haɗa. Iri biyu ne, akwai wanda ke da kalifa tasa daban a baya, wannan ba ruwansa da birkin ƙafa, ka bar shi kawai kada hannunka ya kai. Akwai kuma wanda aka yanka layin birkin baya aka ratsa ta cikinsa, irin wanda aka fi yi saboda araha, shi wannan yana ɓoye iska, yana sa feda ta yi laushi, kuma duk wani ɗan yoyo a jikinsa birkin bayanka ne gaba ɗaya ya tafi. In irinsa ne da kai, ni dai cire shi zan yi in ja sabon layi ɗaya tun daga gaba har baya, in yi bilidin sau biyu, sannan in gwada a hankali a inda ba mutane kafin in kai ta ko'ina.